Ranar da Muryar Rediyo Ta Fashe

Akwai wani yaro ɗan shekara goma sha huɗu da kowa a makarantarsu ke kira Rediyo. Masu bin wannan shafi, musamman ku da kuke da 'ya'ya ko ƙanne da suka fara tasawa, ku daure ku karanta labarinsa har ƙarshe.

Sunan nan ba a banza ya same shi ba. Allah ya ba shi murya siririya, garau, mai daɗin sauraro. Tun yana ƙaramin aji malamai suka lura da ita, suka ɗora shi a kan karanta labarai a taron safe. Kullum in ɗalibai sun yi layi a fili, shi ne zai hau baranda, ya karɓi makirufo, ya gyara kwalar riga, ya ce, "Jama'a, barkanmu da safiya." Har masu sayar da alawa a bakin ƙofa sukan yi shiru su saurara.

To, ɗan Adam in yabo ya yi masa yawa, kai kan kumbura. Tafiyar Rediyo ta canza, gaisuwarsa ta ragu. Ga shi gwanin kwaikwayo. Ya iya muryar malamin lissafi mai magana ta hanci, ya iya tarin da maigadi ke yi kafin ya buɗe baki. Amma wanda ya fi shan wuya a hannunsa wani ɗan ajinsu ne mai in'ina.

Yaron dogo ne, shiru-shiru, a bencin baya yake zama kusa da taga. In zai yi magana sai harafin farko ya maƙale masa, ya yi ta fama kafin kalmar ta fito. Rediyo ne ya laƙaba masa suna Janareta, wai sai an ja igiya an sake ja kafin ya tashi. Sunan kuwa ya bi shi.

Duk ranar da aka ce Janareta ya miƙe ya yi karatu, Rediyo zai sunkuya gefen tebur ya yi kamar yana jan igiya, yana "burr, burr" da baki. Aji ya kwashe da dariya. Shi kuwa Janareta ba ya zama. Zai tsaya riƙe da littafinsa, idonsa a kan shafi, sai dariyar ta lafa ya ci gaba daga inda ya tsaya har ya kai aya. Rediyo yana ganin wannan rashin zuciya ne kawai.

A gida, Rediyo shi kaɗai ne ɗa namiji. Babansa direban tirela ne, in ya ɗauki hanya sai a yi makonni ba a ga ƙeyarsa ba. Ummansa tela ce, kekenta na bakin tagar falo, ƙasa kullum cike da ƙyallaye da guntayen zare. Ga Yaya, babbar 'yar gidan, mai baki kamar reza. Ga Auta, wadda ba ta iya riƙe magana ko ta minti ɗaya. Sai Kaka, mahaifiyar Baba, wadda ba ta kiransa da komai sai "mijina", kuma ba ta buɗe baki sai da tsokana.

Duk inda Baba ya tsaya hutawa a hanya, yakan kira tsohuwar wayar Umma, wadda a hankali ta koma hannun Rediyo. Zai ce, "Ina ɗan jaridata? Karanto min labaran gida." Rediyo ya gyara murya ya zayyano wanda ya fasa kofi, da wanda Kaka ta yi wa tatas, da rigar da Umma ta ɗinka hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Baba ya yi ta dariya har da tari.

A farkon zangon ƙarshe na shekara, Malamin Taro, wato malamin da ke kula da taron safe da duk wani taro na makaranta, ya kira Rediyo ofis. Ya ce shi zai yi jawabin maraba ranar raba kyaututtuka, a gaban iyaye da manyan baƙi. Kafin mako ya zagayo Rediyo ya haddace jawabin. Ya shiga ɗaki, ya rufe ƙofa, ya naɗi muryarsa a waya tun daga sallama har godiyar ƙarshe. Ba don ya gyara kuskure ya naɗa ba, don ya riƙa jin daɗin sauraron kansa ne.

Ana nan, sai wata safiya abin ya zo masa ba sallama.

Ya hau baranda kamar kullum, ya karɓi makirufo. "Jama'a, barkanmu da..." Kalmar "safiya" ta fito a rabe, rabinta ƙasa can kamar ta wani ƙato, rabinta ta yi sama ta tsinke. Fili ya yi tsit, sannan aka fashe da dariya. Ya yi gyaran murya ya sake. Ta sake kufce masa. Wani daga layin baya ya yi carar zakara, wasu suka amsa masa.

Waya haramun ce a makarantar, amma kun san yaran yanzu. Kafin a tashi, wani ya riga ya naɗa ya jefa a guruf ɗin aji. Aka haɗa muryar da hoton ɗan zakara mai koyon cara. Rediyo ya ga saƙon a hanyar gida, ya ga jerin fuskokin dariya a ƙarƙashinsa, har da na waɗanda yake kira abokai.

"Mura ce," ya gaya wa Umma.

Umma ta ɗago daga kan keke ta dube shi. Ta ga wandon makarantar da ta saki kalmasarsa kwanan nan ya sake ɗagewa sama da idon sawu. Ta ga ƙurajen da suka feso masa a goshi, da ɗan baƙin gashin da ya fara tsirowa a saman leɓe. Ta san ba mura ba ce. Amma kunya ta hana ta zaunar da ɗanta namiji ta yi masa bayanin girma, ta ce a ranta wannan aikin ubansa ne. Sai ta biye masa. Ta haɗa zuma da citta a ruwan ɗumi, ta hana shi ruwan sanyi, ta hana shi kwana a ƙarƙashin fanka.

Ni dai na sha faɗa, irin wannan kunyar ba ta taɓa rufa wa yaro asiri ba, sai dai ta bar shi a duhu.

Kaka ce kaɗai ta faɗi gaskiya. "Ku daina ɓarnar zuma," in ji ta. "Mijina ne ya fara zama namiji. Haka ubansa ya yi, sai da kajin unguwa suka riƙa amsa masa."

Yaya ta tuntsire da dariya, Auta ta taya ta. Da yake duk maganar Kaka tsokana ce, Rediyo ya jefa wannan ma a kwandon tsokana, ya shige ɗaki ya turo ƙofa.

Gaskiyar magana, tsoro ne ya kama shi. Ba shi da ƙarfin ƙwallo, ba ya cikin na gaba a lissafi, ba shi da kayan sawa na a zo a gani. Muryar nan ita ce abin da yake taƙama da shi, ita ta sa aka san shi. In ta tafi, bai san me ya rage ba. Jikinsa gaba ɗaya ya zame masa baƙo, hannaye sun yi tsawo, ƙafa ta fi takalmi, zuciya kuma ta yi kusa. Abu kaɗan sai ya hau faɗa, abu kaɗan sai ya ji ƙwalla.

Ya rage magana a gida, ya daina ɗaga hannu a aji. In dole ta kama, sai ya maƙe maƙogwaro ya tura muryar sama don ta yi kama da ta da, ita kuwa sai ta ƙara tsinkewa. Abin da ya fi ba ni takaici, ya daina ɗaukar wayar Baba. Da ta yi ƙara sai ya miƙa wa Yaya.

"Ki ce ina wanka."

"Jiya ma wanka na ce."

"To ki ce na yi barci."

"Da la'asar sakaliya?" Yaya ta harare shi, amma ta faɗa.

A makaranta, Malamin Taro ya ba wata yarinya 'yar ƙaramin aji labaran safe, wai kafin Rediyo ya warke. Ya kuma kira shi gefe.

"Batun jawabin nan. In ba za ka iya ba, ka faɗa tun da wuri. Ba abin kunya ba ne, kowane namiji ya bi ta nan."

"Mura ce, Malam. Ta kusa tafiya."

Malam ya dube shi ta saman tabarau. "Shi ke nan. Kai ka san jikinka."

Rediyo ya fita yana cizon yatsa. An karɓe labaran safe, in aka karɓe jawabin ma, ai an gama da shi ke nan. Ya zauna bayan ɗakin gwaje-gwaje ya sa abin sauraro a kunne, ya kunna muryarsa ta da. Ga ta nan garau, ba gargada. A nan Shaiɗan ya raɗa masa wata dabara.

Akwai wani abokinsa da ake kira Injiniya, shi ke haɗa lasifika duk ranar taro, don ya fi malaman sanin wace igiya ke shiga wane rami. Rediyo ya same shi ya zayyana masa shirin. Za a kashe makirufon da ke kan teburin jawabi. Injiniya zai jona wayar da lasifika daga gefen dandamali ya kunna tsohuwar muryar. Shi kuma Rediyo ya riƙa motsa baki.

"Kai, wannan ai wasan yara ne," in ji Injiniya, yana murza hannu. "Ga furannin roba da ake jerawa a kan teburin, za su tare rabin fuskarka. Ko shugaban makaranta ba zai gane ba."

Ana jibi taro suka tsaya bayan an tashi don gwaji. Ɗakin taro ba kowa, sai kujeru a kife. Muryar ta cika ɗakin, Rediyo yana bin ta da leɓe, yana ɗaga hannu inda ya dace. Sun yi nisa kafin su lura da mutum a can ƙarshen ɗakin, rungume da kujeru. Janareta ne, shi aka sa ya jera su.

Ya ajiye kujerun ya tako har gaban dandamali.

"K-k-kada ka yi haka."

"Wa ya tambaye ka?" in ji Rediyo.

"B-ba wanda ya tambaye ni. Amma na f-fi ka sanin dariyar mutane. Ba ta d-daɗewa. In ka tsaya, n-numfashinsu ke ƙarewa su yi shiru. In ka g-gudu ne take bin ka har gida."

Rediyo ya taɓe baki. "Lallai duniya ta zo ƙarshe. Yau Janareta ne zai koya wa Rediyo magana."

A kan kalmar ƙarshe muryar ta tsinke masa. Injiniya ya kau da kai yana danne dariya. Janareta bai ko murmusa ba.

"In kuma ka kai wa Malam tsegumi..." in ji Rediyo.

"Ba zan k-kai ba. Ba aikina ba ne." Ya juya ya koma kan kujerunsa.

Ranar taro ɗakin ya cika maƙil. Manyan baƙi a layin gaba, iyaye a baya suna fifita da takardun tsarin taro, fankokin sama suna juya iska mai ɗumi. Umma ta ɗinka wa Rediyo sabon wando da ta bar wa kalmasa mai faɗi saboda gaba. Tana zaune a tsakiya, Kaka a damanta, Yaya da Auta a hagu. An tsayar da Janareta kusa da teburin kyaututtuka, shi zai riƙa miƙa wa babban baƙo littattafai da kofuna, aikin da ba ya buƙatar magana.

Aka kira Rediyo. Ya hau, ya tsaya bayan furannin roba, ya kalli gefe. Injiniya ya ɗaga masa babban yatsa ya danna.

Muryar ta fito zar, mai zaƙi kamar da. Rediyo ya bi ta da baki daidai wa daida. Mutane suka gyara zama. Malamin Taro ya ɗaga gira, ya cire tabarau ya goge ya mayar.

"Alhamdu lillahi," Umma ta ce a hankali, duk da ita ma abin ya ɗaure mata kai. "Ashe zumar ta yi aiki."

Kaka ta ƙanƙance ido. "Wannan ba mijina ba ne. Da safe da yake neman safarsa ba da wannan muryar ya nema ba."

An wuce gaisuwar manyan baƙi, an shiga godiya ga iyaye. Rediyo ya fara jin daɗi, har ya buɗe hannu yana nuna jama'a. Abin da Injiniya ya manta, duk da iya haɗa igiyarsa, shi ne cire layin wayar.

Muryar ta ɗauke cak. A madadinta ƙarar kira ta cika lasifika, irin kiɗan nan na tsofaffin wayoyi. Bakin Rediyo kuwa bai samu labari da wuri ba, ya ci gaba da motsi shi kaɗai. Injiniya ya rikice, ya kai yatsa zai kashe, ya danna wajen amsawa.

Wata murya mai kauri, da ƙarar motoci a bayanta, ta faɗo ɗakin.

"Salamu alaikum. Ɗan jarida, yau dai na kama ka. Ga ni a bakin ƙofar makarantarku, maigadi ya hana ni shiga wai sai na faɗi ajinku. Aji nawa kake ma?"

Ɗakin ya ɗauki dariya gaba ɗaya. Ɗalibai suna dukan kujeru, iyaye suna rufe baki da gefen mayafi, babban baƙo ya sunkuyar da kai kafaɗunsa na rawa. Wani ya sake yin carar nan daga baya. Umma ta dafe ƙirji. Auta ta miƙe tsaye tana gaya wa na kusa da ita, "Babanmu ne, Babanmu ne."

Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma Rediyo ya kai ƙarshensa a gaban kowa. Gumi ya karyo masa. Ya ji da ma ƙasa ta tsage ya shige. Akwai wata 'yar ƙofa a bayan labule da ke fita filin ƙwallo, daga can kuma katanga ce gajera. Har ya juya ƙafa.

Sai ya ji an riƙe masa hannun riga.

Janareta ne. Ya bar teburin kyaututtuka, ya bi ta gefen Injiniya ya zare igiyar daga wayar, ya hau dandamali. Ya kai hannu ya kunna makirufon da ke kan tebur, sannan ya matsa kusa da kunnen Rediyo.

"Ts-tsaya. Bari su g-gama."

"Ba zan iya ba."

"Za ka iya. K-kalli agogon bango, kada ka kalle su."

Rediyo ya kafa wa agogon ido. Janareta ya tsaya a gefensa, hannuwa a baya, fuskarsa ba yabo ba fallasa, tsayuwar wanda ya saba. Dariyar ta hau, ta ƙara hawa. Sai ta fara yankewa. Wasu suka koma tari, wasu suna share ido. Mai carar zakara ya sake gwadawa, ba wanda ya amsa masa. Kujeru suka yi ƙara, aka gyara zama. Can sai ga ɗakin shiru, ba ka jin komai sai fanka.

Rediyo ya yi mamaki ƙwarai. Abin da ya yi makonni yana gudu, ga shi ya zo ya wuce, shi kuma yana nan tsaye da ransa.

Ya matso da bakinsa kusa da makirufo.

"Wadda kuka ji ɗazu muryata ce ta da," ya ce. "Na naɗe ta ne a waya. Ta tafi, kuma na ji kunyar ku ji wadda ta zo. Ku yi haƙuri. Ga wadda nake da ita."

Ya ɗauko jawabin daga farko. A kan "manyan baƙi" muryar ta tsinke, aka ɗan yi dariya a baya. Ya dakata, aka gama, ya ci gaba. Gajiya ta sa ya daina maƙe maƙogwaro, ya sake ta ta sauka inda take so. Sai ga ta ta zauna a ƙasa, da kauri, da ɗan gurnani. Ba zan yi muku ƙarya in ce ta yi daɗi ba. Ta sake zamewa nan da can kafin ya kai ƙarshe. Amma ya kai, kuma kowace kalma daga bakinsa ta fito.

Iyaye maza ne suka fara tafi. Da yawansu suna murmushi suna shafa maƙogwaro, kowa ya tuna nasa lokacin. Kaka ta zunguri Umma da gwiwar hannu ta ce, "Yanzu na ji mijina."

Bayan an watse, Malamin Taro ya tsare Rediyo da Injiniya. Ya ce su biyun za su tattara kujerun ɗakin kaf su share shi, kuma Rediyo ba zai sake taɓa makirufo ba sai sabuwar shekara.

"Ka gane dai," in ji Malam, "ƙaryar na hukunta. Muryar ba ta yi min laifin komai ba."

Suna cikin ɗaukar kujeru sai ga Janareta ya dawo ɗaukar jakarsa. Rediyo ya ajiye kujerar hannunsa ya tare shi. Ya kira shi da sunansa na yanka, wanda rabon da a ji shi a ajin har an manta.

"Me ya sa ka hau? Bayan duk abin da na yi maka?"

Yaron ya ɗaga kafaɗa. "Na s-san yadda wurin yake. Ba daɗi mutum ya tsaya shi k-kaɗai."

"Ka yafe min. Wallahi na ɗauka ba ka jin zafi ne."

"Ina ji. K-kullum." Ya rataya jakarsa. "Na yafe. Amma ka b-bar jan igiyar nan."

Rediyo ya kasa haɗa ido da shi, ya gyaɗa kai kawai.

Da ya fito, ya tarar su Umma sun yi gaba. Baba ne kaɗai a jikin katanga, cikin kayan hanya masu warin man dizal, idanunsa jajur don rashin hutu. Maigadi ya bar shi ya shiga a ƙarshe, ya ji rabin jawabin daga bakin ƙofa. Rediyo ya rage tafiya, yana jiran faɗa.

"Ka ganni nan," in ji Baba, "wani na bar wa lodina na taho. Duk kiran da na yi, kana wanka. Na ce yaron nan ko kifi ne ai ya isa ya fito daga ruwa. Sai na fara lissafin ko wani laifi na yi maka ban sani ba."

Rediyo ya girgiza kai, idonsa a ƙasa.

"To mene ne?"

"Muryar ce. Ba na so ka ji ta haka."

Baba ya shafa gemu. "Ni da nake yini da ƙarar inji a kunne, kana ganin zaƙin murya nake nema in na kira? Ɗana nake so in ji." Ya ja numfashi. "Amma laifin ba naka ba ne kai kaɗai. Ni ya kamata in gaya maka wannan abu na tafe tun kafin ya iso. Ga shi ko ajinka ban riƙe ba, duniya ta ji."

Rediyo ya so ya yi dariya, sai hawaye suka riga ta. Ya goge da bayan hannu.

"Baba, ka yafe min."

Muryar ta rabe biyu a tsakiyar maganar. Baba ya dafa kafaɗarsa, wadda yanzu ta kusa kai tasa.

"Sake faɗa."

"Ba ka ji ba?"

"Na ji," in ji Baba. "Na daɗe ban ji ka ba ne."

Darasi: Kada ka yi wa wani dariya a kan abin da ba shi ya ɗora wa kansa ba, domin ba ka san ranar da kai ma za ka nemi mai tsaya maka ba. Ku matasa, canjin da kuke gani a jikinku girma ne, ba abin kunya ba, kuma ɓoye shi da ƙarya ya fi shi kansa ciwo. Ku iyaye, ku zaunar da yaranku ku yi musu bayani tun kafin abin ya iso, kada ku bar su da waya da abokai. In labarin nan ya taɓa ka, tura shi ga wani uba ko wata uwa, ko wani matashi da ka lura ya yi shiru kwanan nan.